Sanwic ɗin cuku na walima: yadda zai kai gaban baƙi bai jiƙe ba, bai bushe ba

Cikin kayan maƙulashen da ake jerawa a wajen kamu, walima ko suna, babu mai sauƙin haɗi kamar ƙaramin sanwic ɗin cuku, wanda ake yankawa siri-siri tsawon yatsa. Ba a hura wuta, ba a tsayuwa gaban kaskon suya. Amma shi ne ya fi saurin ba uwargida kunya. Samosa ko ta huce ana ci, cincin sai ya yi sati bai ce komai ba. Shi kuwa wannan, in bai jiƙe ya yi laɓo-laɓo ba, to ya bushe gefensa ya ɗago, ko kuma zafi ya taɓa cukun ya juya. Asalinsa abin shan shayin la'asar ne na mutanen Ingila, al'adar da ta yaɗu tun wajen 1840, kuma ƙasarsu akwai sanyi da danshi. A Birnin Kebbi ko Gusau kuwa, zafin bazara kan haura digiri 40, iskar hunturu kuma ta busar da yankan burodi kafin baƙi su gama gaisawa. Saboda haka aikin nan a wajenmu dabarar sarrafa ruwa ce da lokaci. Ɗanɗanon shi ne mai sauƙin.

Ki fara da burodi, domin shi aka fi rainawa. Wanda ake so shi ne mai kusurwa huɗu da inji ya yanka, tsokarsa a cure, babu manyan ramuka, kaurin kowane yanka bai wuce santimita ɗaya ba. Ki danna shi da babban yatsa ta bayan leda. Idan ya dawo, ya yi. Idan gurbin yatsan ya zauna, to wannan burodin mai shayi ne, zai dunƙule a ƙarƙashin wuƙa, kuma zaƙinsa ba ya jituwa da haɗi mai gishiri. Burodin da ya fito daga tanda yau ba ya yankuwa da kyau, na jiya ake so. In da hali ki yi magana da gidan burodi kwana biyu kafin biki, su yanka miki da injinsu, ki karɓa ranar jajibere. Ki bar shi a ɗaure cikin ledarsa a inuwa. Kada ki sa shi a firij haka nan, sanyin firij ya fi iskar ɗaki saurin ƙandarar da burodi.

Sai cuku. Na kanti iri uku ne ke shiga wannan aikin. Akwai mai laushi na shafawa da ke zuwa a roba ko kwalba, irin su Philadelphia, Puck da Kiri. Akwai ƙananan nan masu kusurwa uku da ake naɗewa ɗaya-ɗaya, irin Laughing Cow, kowanne wajen giram 15, waɗanda sun fi jure zafi amma gishirinsu da yawa. Sai mai tauri da ake gogawa, wato cukun Cheddar, wanda shi ke kawo ainihin ɗanɗano. Wajen saye ki duba kwanan watan lalacewa, ki taɓa robar ki ji ko da gaske tana da sanyi, domin firij ɗin kanti na iya yini a kashe. Murfin da ya kumbura a bar shi. A kan mai taurin ki nemi tambarin halal, saboda wasu ana daskarar da madararsu ne da sinadarin da ake cirowa daga cikin ɗan maraƙi.

Matsalar na kanti ita ce tsada, ga shi ba a kowane gari ake samu ba. Wadda ke Zuru, Jega ko Ƙaura Namoda ba sai ta aika Sakkwato ba, kindirmo ya isa ya ba ta cukun shafawa mai kyau. A ganina ma ɗan tsaminsa ya fi dacewa da harshenmu.

Cukun shafawa daga kindirmo

Sharaɗi na farko, kindirmon ya zama na dafaffiyar madara. Wannan abinci ne da ba zai sake ganin wuta ba, ɗanyar madara kuwa na iya ɗaukar ƙwayoyin cuta, har da na tarin fuka, kuma a taro akwai masu ciki da yara. Nonon da ake dama fura da shi bai dace ba. An riga an kaɗe man, sau da yawa an ƙara ruwa, wani lokacin har da garin ƙwallon kuka don ya yi kauri. In kin tace shi, abin da zai saura a ƙyalle bai taka kara ya karya ba. Yogot ɗin leda mai sukari shi ma bai yi ba, an sa masa sitaci, ba ya sakin ruwa. Abin da ya fi kwanciyar hankali ki kwantar da naki.

Ki samu madarar shanu lita 2, ko ki dama madarar gari mai cikakken maiƙo giram 300 a ruwa lita 2. Ki ɗora ta tafasa kina juyawa kada ta kama, ki sauke. Ki bar ta ta huce har ta kai inda za ki sa ƙaramin yatsa mai tsabta ki ƙirga goma ba ki cire ba, wato wajen digiri 43. In ta fi haka zafi za ta kashe irin, in ta yi sanyi sosai ba za ta kwanta da wuri ba. Ki zuba kindirmo mai kyau cokali 4 a matsayin iri, ki juya sau ɗaya, ki rufe, kada a sake motsa tukunyar. Da hunturu yakan ɗauki awa 8, sai an lulluɓe da bargo. Da bazara awa 4 zuwa 5 ta isa, in kika bar shi ya kwana a waje tsami zai yi masa yawa.

Idan ya kwanta, ki sa gishiri cokalin shayi ɗaya, ki shimfiɗa ƙyallen tatar kamu ninki biyu a cikin gwagwa, ki ɗora gwagwar a kan kwano mai zurfi yadda gindinta ba zai taɓa ruwan da ke ɗiga ba. Ƙyallen ya zama sabo ko wanda aka tafasa, domin cuku na ɗaukar ƙamshin sabulu nan take. Ki juye, ki tattare bakin ƙyallen, ki sa a firij awa 12 zuwa 24. Bayan awa shida ki buɗe ki kankare wanda ya manne a jikin ƙyallen ki mayar tsakiya, in ba haka ba gefen zai toshe, tsakiyar ta zauna ruwa. In wuta ba ta tsayawa a unguwarku, ki sa kwanon gaba ɗaya cikin kula da ƙanƙara. Rataye ƙullin a tsakar gida dabarar lokacin sanyi ce, shi ma da dare. Lita 2 kan bar miki giram 700 zuwa 900. Gwajinsa: ki ja layi a kai da bayan cokali, ki jira minti biyu. In layin ya tsaya a bushe ya yi, in ruwa ya taru a ciki ki ƙara masa lokaci. Ruwan da ya tsane kada a zubar, yana kyau a kwaɓin fanke.

Akwai hanyar gaggawa ga wadda lokaci ya ƙure wa. Madara mai maiƙo lita ɗaya, a ɗora har ta fara ƙananan kumfa a gefe, a sauke, a zuba ruwan lemun tsami cokali 3, a bar ta minti goma ta tsinke. A tace minti 15 kawai, a zuba a bilanda tun da ɗuminta tare da bota cokali biyu da ɗan gishiri, a markaɗa har ta yi sumul. Abin da ake samu bai wuce giram 150 zuwa 200 ba, saboda haka ta ƙaramin taro ce. In aka matse ta da ƙarfi ko aka bari ta huce kafin markaɗe, sai ta yi tsaki-tsaki a baki.

Busasshen cukun Nijar da Buzaye ke kawowa ba ya shafuwa, amma in aka ɗan gasa shi aka daka ya yi laushi, cokali uku a cikin haɗin na maye gurbin wani ɓangare na Cheddar.

Ainihin haɗin

Ga ma'aunin da za ki riƙa ninkawa: cuku mai laushi giram 500, bota giram 100, gogaggen Cheddar giram 150, mayonis cokali 2, masoro rabin cokalin shayi, ruwan lemun tsami cokalin shayi ɗaya in da na kanti kike aiki. In na kindirmo ne ki bar lemun, tsaminsa ya isa. Gishiri sai a ƙarshe, bayan kin ɗanɗana, domin Cheddar da mayonis da bota duk sun zo da nasu. Dunƙulen magi ba shi da gurbi a nan, yana danne ɗanɗanon madarar.

Ki fito da cuku da bota su saki, minti 30 da sanyi, minti 10 zuwa 15 da bazara. Ki fara buga botar ita kaɗai da cokalin katako har ta yi laushi, sannan ki riƙa zuba cukun kaɗan-kaɗan. In kika haɗa su ɗaya na da sanyi ɗaya ya saki, za ki ga gudaji da ba sa murjewa. Minti biyu na juyi ya isa. Yawan bugu, musamman da inji, yana tsinka haɗin. Botar da ke ciki aikinta ba ɗanɗano kaɗai ba ne, ita ce ke daskarewa a firij ta riƙe haɗin lokacin yanka. Mayonis kuwa ba ya daskarewa, shi ya sa masu cika shi suke ganin haɗin na tsartowa ta gefe. Cheddar a goga shi ta ƙananan idon magogi tun yana da sanyi, manyan sala-sala na jan wuƙa su yaga burodi. In botar shanu ta gaske ta yi tsada, Blue Band ta shafa burodi ta wadatar. Wadda ake aunawa don yin kek kada ki sa, tana barin maiƙo a dasashi.

In haɗin ya yi ruwa, ki ƙara madarar gari cokali ɗaya ko biyu ki mayar firij rabin awa. In ya yi tauri, cokali ɗaya na madara. In gishiri ya zarce, babu maganinsa sai ƙarin cuku marar gishiri, saboda haka ki ɗan rage wani a gefe tun farko.

Abin da ake sawa a ciki, nan ne ruwa ke shigowa ta bayan gida. Duk ɗanyen kayan lambu da ya haɗu da gishirin cuku zai saki ruwansa, ba a lokacin da kike haɗawa ba, bayan awa ɗaya ko biyu, lokacin da an riga an rufe roba. Kokwamba kashi 95 cikin ɗari ruwa ce. Ki fere ta, ki tsaga biyu, ki kwashe 'ya'yan da ƙaramin cokali, ki yanka mitsi-mitsi, ki barbaɗa gishiri rabin cokalin shayi, ki bar ta a gwagwa minti 20, sannan ki matse cikin ƙyalle har hannunki ya gaji. Manyan kokwamba biyu sun isa ma'auni ɗaya, tare da ganyen na'a-na'a goma da aka yanka da wuƙa mai kaifi. Karas a goga ƙanana, shi ma a matse, in ba haka ba zai rina farin burodi.

Jan tattasai ya fi daɗi in an gasa shi. Ki ɗora guda uku a kan garwashi har fatar ta yi baƙi, ki rufe su a kwano minti goma, fatar za ta saɓule da kanta. Kada ki wanke, ki goge da ƙyalle, ki cire 'ya'yan, ki yanka ƙanana, ki tsane. Wannan haɗin na Cheddar da tattasai sananne ne a kudancin Amurka, kuma a wajenmu ya fi sauran karɓuwa in aka sa masa rabin attaruhu da aka cire wa 'ya'ya. Fiye da rabi a bar wa farantin manya.

Albasa sai an yi hankali. Irin jar albasar nan ta Aliero ƙarfi gare ta, in aka yanka ta ɗanya ta kwana cikin cuku, da safe babu abin da za a ji sai ita, har da ɗan ɗaci. Lawashi ɗanye, wato koren ganyen, shi ya fi, cokali uku yankakke. In dole sai albasar, ki yanka ƙanana ki jiƙa a ruwan sanyi minti goma, ki tsane, ki zuba ranar biki. Tafarnuwa sala ɗaya ta ishi cuku giram 500, ita ma ƙarfinta ƙaruwa yake in ta kwana. Tumatir da latas ba su da wuri a wannan sanwic, komai kyansu a hoto.

Wanda ya fi dacewa da yanayinmu shi ne dambun nama. A bushe yake, maimakon ya saki ruwa sai ya tsotse na cukun, haɗin ya ƙara tsayawa. Kofi ɗaya a ma'auni ɗaya, a ɗan daddatsa shi da wuƙa don zaren naman kada ya riƙa janyo haɗin waje in an gatsa. In kika ƙara yajin tsire ki gaya wa masu rabo, da ƙuli-ƙuli a ciki, akwai waɗanda gyaɗa ba ta karɓe su ba. Bandar kifi irin ta Yauri ma tana yi, giram 100, a jiƙa a ruwan zafi minti biyar, a tsane, a bi tsokar da yatsu sau biyu ana neman ƙaya. Cikin farin cuku ƙaya ba ta ganuwa, kuma yaro ba zai tauna a hankali ba. Sadin na gwangwani a tsiyaye mansa tas. Dafaffen ƙwai yana daɗi amma shi ya fi saurin juyawa, da bazara a haƙura da shi. Na zaƙi kuma: dabino mai laushi guda goma sha biyu a yanka ƙanana, zuma cokali ɗaya, a cire Cheddar da mayonis da masoro. Wannan ne kaɗai burodi mai zaƙi ya dace da shi, kuma a buɗa-baki yana tafiya da sauri.

Lissafi kafin a je kasuwa

Yanka biyu na burodi sanwic ɗaya ne, in an cire gefe ya ba da yatsu uku. Ƙullin burodi ɗaya, in aka ajiye na bakin nan biyu, yakan bar wajen yanka 18, amma ki ƙirga na garinku ta bayan leda domin gidajen burodi sun bambanta. Yanka 18 yatsu 27 ke nan. In akwai samosa, fanke da nama a gefe, yatsu uku sun ishi mutum ɗaya. In shi ne da shayi kawai, ki lissafa biyar. Baƙi 50 a kan uku-uku yatsu 150 ne, sanwic 50, yanka 100, burodi 6. Ki sayi 7, wani yankan zai zo da rami. Kowane sanwic na cin haɗi giram 30, wato cokali biyu ba tozo, saboda haka kilo ɗaya da rabi, ma'aunin can ninki biyu. Botar shafawa daban, wajen giram 400. Iri uku sun isa kowane taro. In suka fi haka kwanuka da wuƙaƙe za su yi yawa, aikin ya yi jinkiri, jinkirin kuma shi ke busar da burodi.

Haɗin cuku a yi shi ranar jajibere, ya kwana a firij cikin roba mai murfi sosai, nesa da daddawa da kifi. Kayan lambun kawai za a bari sai da safe. Firiza ba ta yi masa, in ya narke sai ya tsinke ya yi gari-gari.

Ranar biki, kafin ki buɗe ledar burodi ki kashe fanka, ki turo taga in hunturu ne. A wanke hannu da sabulu, a cire zobba. Wadda ke da yanka ko ƙurji a yatsa a ba ta wani aikin, domin ƙwayar cutar da ke zama a fata in ta samu cuku da ɗumi tana sakin guba, kuma ba wari ba canjin ɗanɗano da zai nuna. Ki shimfiɗa yanka 10 ko 12 a lokaci ɗaya, sauran su zauna a leda. Kowane yanka, na sama da na ƙasa, a shafa masa bota siririya har bakin gefe. Wannan shafin shi ne katangar da ke tsakanin ruwan cuku da burodi, inda duk wuƙa ta tsallake nan ne zai jiƙe. Botar ta zama ta saki, mai sanyi yaga burodi take. Sannan a ɗora haɗin a kan rabin yankan, a baje shi daidai, kaurin bai kai rabin santimita ba. Kada a tara shi a tsakiya, yatsan tsakiya zai cika na gefe su tashi fayau. A rufe da ɗayan, a danna da tafin hannu a hankali.

Kada ki yanke gefen yanzu. Ɓawon nan shi ke tsare tsokar daga iska. Ki jera huɗu-huɗu ko biyar-biyar, ki naɗe da ledar naɗe abinci ko ki mayar cikin ledar burodin ki ɗaure, ki sa a firij aƙalla awa ɗaya. Tunda an shafe shi an naɗe, sanyin 'yan awoyi ba zai ƙandarar da shi ba. Wannan hutun ne ke sa botar ta kama, yankan ya fito da tsabta. Masu tsallake shi su ne ke samun sanwic da ya lotse, haɗin ya fito ta ko'ina.

Yanka sai ana dab da tafiya. Wuƙar burodi mai haƙora, doguwa, ana ja ana turawa ba dannawa ba. Biyu a lokaci ɗaya, in aka ɗora huɗu na ƙasa zai matse. Ki ajiye kofin ruwan zafi da ƙyalle kusa, ki goge wuƙar bayan kowane yanka biyu, in ba haka ba cukun da ya manne zai shafe fuskar na gaba, na tattasai ya bar ja a kan fari. A fara cire gefe huɗu, sannan a raba uku, faɗin kowanne wajen santimita 3. Dabara mai amfani ita ce kowane iri da siffarsa: na kayan lambu dogaye, na kifi ko nama mai kusurwa uku, na dabino mai kusurwa huɗu. Masu rabo ba sai sun buɗe sun leƙa ba. In ana son ado, a dangwala gefe ɗaya a soyayyen riɗi ko yankakken lawashi, zai manne a jikin cukun. Tsinken sakace ba a buƙatarsa in haɗin ya kama.

Daga katako sai cikin roba mai murfi, a jera su a tsaye manne da juna yadda fuskokin da aka yanka ba za su sha iska ba. A ɗora takardar gashin kek a kai, sannan ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa aka matse har ba ya ɗiga ko ɗigo. Takardar na hana ƙyallen taɓa burodi, ƙyallen na ba robar danshi. Da hunturu wannan ƙyallen wajibi ne. Da damina ana iya barinsa.

Daga gida zuwa wajen taro

Ƙa'idar masana lafiyar abinci a fili take: abin da aka yi da madara ya zauna a sanyin da bai kai digiri 5 ba, in an fito da shi kada ya wuce awa biyu, in kuma zafin wurin ya haura digiri 32 awa ɗaya ce. Yawancin shekara a Kebbi da Zamfara, da rana, awa ɗayan ce tamu. Kuma kowa ya san yadda bikinmu yake. An rubuta ƙarfe huɗu a kati, amarya ba ta shigo ba sai an kira magariba. Wadda ta jera farantanta tun la'asar ta yi asara. Saboda haka a tafi da su cikin kula, su zauna a ciki har sai an ce a fara rabo. Ƙanƙarar ta zama ta gorar ruwa da aka daskarar, mai murfi, domin ta leda na fashewa ruwan ya malale gindin kula. A sa wasu gorunan a ƙasa, wasu a saman robobin, tunda sanyi ƙasa yake sauka. Kular ta shiga cikin mota inda mutane ke zama, ba but ba, a wajen taro kuma a nema mata inuwa, a sa mutum ɗaya ya kula da ita don kada a mayar da ita wajen ɗibar ruwan sanyi ana buɗewa kowane minti.

Wajen fitarwa, ƙananan farantai masu ɗaukar 30 zuwa 40, in ɗaya ya ƙare a kawo wani. Kada a zuba sabo a kan ragowar tsoho. Babban tire da aka cika don ya yi kyau a hoto, kafin a ci rabinsa sauran sun bushe, ƙuda kuma ya samu wurin zama. In a rumfa ake taron, a rufe farantin da murfi mai raga.

Sai maganar robar da ake ba baƙi su tafi da ita. Nan ne masu sana'ar abincin biki suka fi yin kuskure: a zuba samosa da zafinta, da soyayyen nama mai yaji, a cusa sanwic a gefe a rufe. Tururin ya jiƙa burodin, zafin ya narkar da botar, man naman ya rina shi. In dole sai ya shiga roba ɗaya da su, a bari kayan suya su huce sarai, a naɗe sanwic ɗin shi kaɗai, a sa shi a ƙarshe lokacin miƙawa. Kuma baƙuwar da za ta sa robar a jaka ta kai wa yara sai bayan isha, gara a ba ta cincin da kek.

Wanda bai fita daga kula ba, in har gorunan na da sauran ƙanƙara, ana iya mayar da shi firij a ci washegari, a gasa shi a kasko da ɗan bota har cukun ya narke. Wanda ya zauna a faranti ya wuce lokacinsa a zubar, kada a ba almajirai ko yaran maƙwabta. Ɓawon da aka yanke kuwa, na burodi 6 zai cika babbar roba. A ware wanda cuku bai taɓa ba, a busar a tanda ko a kasko da ƙaramar wuta, a daka, a tankaɗe, a ajiye a kwalba don barbaɗa wa ƙwallon doya ko kaza kafin suya.